Shekara guda muna fita da 'yarmu: hunturu, bazara, damina, kaka (Zare 🧵)

1/ Zare ne mai ɗan tsawo. A cikinmu akwai sababbin iyaye da yawa, akwai kuma masu shirin zama. Zan ba ku labarin shekara guda da muka yi muna fita da 'yarmu kowace Asabar, tun tana wata 18 har ta kai shekara 2 da rabi. A gyara zama.

2/ Tambaya tukuna. Yaron birni na yanzu, ta yaya yake gane damina ta kusa? Mu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Mun ga shamuwa ta dawo, mun ji ƙamshin ƙasa, mun kama shinge a gindin fitila. Su kuwa daga ɗaki sai falo, daga falo sai wayar mamansu.

3/ Gidan haya muke, ciki da falo, a wata unguwa ta bayan gari a Kano. Tsakar gidan siminti ne tun daga ƙofa har bakin banɗaki. Ba bishiya, ba ƙasa. Filin da yaran layi ke ƙwallo tuni an yanka shi fuloti-fuloti. Na san da yawanku haka unguwarku take.

4/ A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na minti 180 a rana, kuma ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban waya ko talabijin ba. Awa 3 fa! A ciki da falo? Sai dai ta hau kujera ta diro.

5/ Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Ummi muke ce mata. Ni da mamanta muka ware Asabar, muka kafa dokoki 3:
- ba sai wurin da ake biyan kuɗi ba
- waya tana aljihu
- idan Ummi ta tsaya, mu ma mu tsaya
Ta ukun ita ce mai wahalar, za ku gani.

6/ HUNTURU (Disamba zuwa Fabrairu)
Da shi muka fara. Kowa ya san safiyar hunturu a Kano: hazo ya rufe gari, ruwan randa kamar ƙanƙara, leɓe yana tsagewa. A lokacin ba ma fita da sassafe. Sai hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe 10, mu dawo da azahar ta yi barcinta.

7/ Shirin: man kaɗanya a fuska, leɓe da ƙafa. Rigar sanyi mai zif wadda za a cire idan rana ta buɗe. Hula mai rufe kunne, da safa. Ranar da ƙura ta yi yawa har ba ka hango ƙarshen layi, an fasa fita. Ƙirjin yaro ba irin naka ba ne, kuma ɗan ƙasa da shekara 2 ba a sa masa takunkumi.

8/ Fitar da ta fi burge ni a hunturu ita ce ta wajen Kura da Kadawa, a hanyar Zariya. Ko'ina ya bushe ya yi fari fat, kawai sai ka faɗa cikin kore shar: alkama, tumatir, albasa. Noman rani ne, ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974.

9/ Ina saɓe da ita a kafaɗa, wani dattijo mai gona ya ce, "Malam, sauke ta mana, ai ƙasa ba ta cizo." Ya tsinko mata tumatir ɗaya ja jawur. Ba ta taɓa ganinsa a jikin uwarsa ba. Ta riƙe shi har gida, ta hana a yi miya da shi. Kwana 3 yana kan taga 😂

10/ Amma a kula: manyan magudanan ruwan can suna da gudu, gefensu siminti ne mai santsi. Ni da mamanta mun raba aiki. Duk inda akwai ruwa, mutum ɗaya ba ya hira, ba ya hoto, idonsa kan yarinya kawai. Idan ya gaji sai ya faɗa da baki, "karɓi," kafin ya ɗauke ido.

11/ A can ta ga balbela tana bin shanu, ta nuna da yatsa ta ce "tuntu!" Tun daga ranar duk abin da ya tashi sama tuntu ne, har leda. Lokacin rake ne da magarya. Rake nakan fere mata siriri ta tsotsa ina kallo. Magarya da gyaɗa kam ba na ba ta, suna iya shaƙe yaro.

12/ Yanzu maganar majalisa. Ranar da abokai suka gan ni da jakar famfas a kafaɗa, Ummi a hannu, wallahi na sha tsiya. "Ango ya zama ɗan reno." "Mijin ta ce ya fito shan iska." Wani ma cewa ya yi, "Yarinyar da ba za ta tuna ba, me ka ke wahalar da kanka?"

13/ Na ce masa kai ma ba ka tuna nonon da ka sha ba, amma ga shi a jikinka. Kuma Asabar ɗin nan da ban fita da ita ba, a nan kan bencin zan ƙarar da ita muna musun ƙwallon Ingila. Musun yana nan bai tafi ko'ina ba. Shekara 2 ta Ummi kuwa sau ɗaya za ta zo.

14/ BAZARA (Maris zuwa Mayu)
Nan lissafi ya juye. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40. Idan unguwa ce, da gari ya waye muke fita, mu dawo kafin 8:30. Idan wuri mai nisa ne, sai la'asar sakaliya. Tsakanin ƙarfe 11 da 4 ko an ba ni kuɗi ba na fitar da ita.

15/ A bazara inuwa ake bi. Shi ya sa muka riƙa zuwa Gidan Zoo, wanda ke ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975. Mutane dabbobi suke zuwa gani. Mu har da manyan bishiyoyin, don wuri mai inuwa irin wannan ya yi ƙaranci a gari.

16/ Zuwanmu na farko ina ta ɗoki, "Ummi ga jimina! Ummi ga biri!" Ko kallo ba su ishe ta ba. Ƙadangare ta gani mai jan kai yana gyaɗa kai a gindin bishiya. Ta tsuguna, ita ma ta fara gyaɗa masa kai. Minti 20 muna wurin. Na biya kuɗin shiga, an zo kallon ƙadangare 😭

17/ Doka ta 3 ke nan. Babba yana fita ne don ya isa wani wuri. Yaro kuwa duk inda ƙafarsa ta tsaya ya iso. Layin tururuwa, busasshen ganye, inuwarta a ƙasa, duk abin kallo ne. Idan kana jan hannunta "zo mu tafi, zo mu tafi," fitar taka ce, ita rakiya ta yi.

18/ Ruwa: ba ma jira ta nema, muna ba ta a kai a kai. Kaya na auduga mara nauyi, da hula mai baki. Idan ka ga fitsari ya ragu, leɓe ya bushe, yaro ya yi laushi ya daina wasa, a koma inuwa nan take, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda. Bai farfaɗo ba, sai asibiti.

19/ Abu 3 na bazara da nake roƙonku:
- Kar a bar yaro cikin mota a rufe, ko na minti 2. Mun sha jin mummunan labari.
- Lilo da abin zamiya na ƙarfe, taɓa da hannunka kafin ka ɗora shi.
- Kar ya ɗaga dutse ko bulo. Lokacin kunama ne.

20/ Kuma lokacin sanƙarau ne, cutar da ke son zafi, ƙura da cunkoso. Shi ya sa a watannin nan na fi son fili a kan ɗakin biki mai cike da mutane ba taga. Zazzaɓi mai zafi da amai ko sanƙarewar wuya ba na jiƙe-jiƙe ba ne. A tafi asibiti, kuma a duba katin rigakafi.

21/ Azumi ma a cikin zafin ya zo. Ba ƙarfin tafiya nesa, sai muka koma shimfiɗa tabarma a gindin wata darbejiya kusa da masallacin unguwa bayan la'asar. Ita tana shan mangwaro har gwiwar hannu, mu muna haɗiyar yawu. Wannan ma fita ce. Ko sisi ba mu kashe ba.

22/ A kan tabarmar nan ne mamanta ta ce min, "Abban Ummi, ka san fitar nan ba ta Ummi kaɗai ba ce ko? Kai kullum kana ganin titi, kana ganin mutane. Ni daga Lahadi zuwa Juma'a bango huɗu nake kallo. Ranar Alhamis nake fara wanke kayan Asabar."

23/ 'Yan uwana maza, a ji wannan da kyau. Mace mai ƙaramin yaro a gidan haya, nesa da danginta, ga zafi, ga an ɗauke wuta, ga rigimar yaro tun asuba. Wani faɗan da ake yi da dare ba na cefane ba ne, na ƙuntata ne. Awa 2 a waje yana sauke abubuwa da yawa.

24/ Ƙarshen bazara, wata safiya muka ga baƙaƙen tsuntsaye masu farin ciki a saman wata doguwar bishiya. Shamuwa ta iso. Na ce, "Ummi, ruwa ya kusa." Ba ta gane ba, ta dai ce "tuntu." Bayan 'yan makonni hadari ya haɗo daga gabas.

25/ DAMINA (Yuni zuwa Satumba)
Ranar da aka yi yayyafi mara tsawa, mara iska, na cire mata takalmi na fito da ita ƙofar gida. Ta ɗaga fuska sama, ɗigo ya faɗa mata a ido, ta firgita, ta ƙanƙame ƙafata. Can kuma sai dariya. "Luwa! Luwa!" Minti 5 muka yi muka shige.

26/ Labari ya kai wa Hajiya a ƙauye. Sai ga waya: "Kai, ashe ruwa ka ke saka min takwara? Mura za ka ja mata!" Na ce, "Hajiya ai mu a indararo muka yi wanka." Ta ce, "Ku daban." 😂 Aka daidaita: ba a daɗewa, a goge ta tas, a canza kaya, a ba ta kunu mai ɗumi.

27/ Damina ita ce lokacin ƙananan halittu, daidai tsayin idon yaro. Wannan ɗan jan ƙwaron mai laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko. 'Yan kwaɗi. Gwazarma. Kafin in ga ɗaya ta ga biyar, don ta fi ni kusa da ƙasa. Dokar ita ce: a kalla, ba a kai wa baki.

28/ Idan kana son hawa Dutsen Dala da yaro, bari sai washegarin ruwa. A hunturu hazo ba zai bar ka ka ga komai ba, a bazara matakalar kaɗai ta ishe ka. Amma bayan ruwa iska ta wanku, gari ya yi garau. Ita ta hau 'yan matakalai da ƙafarta, sauran a wuyana.

29/ Daga sama ga Goron Dutse, ga koren tulluwar babban masallacin birni, ga rufin gidaje har iya ganinka. Ina ta ba mamanta labarin Barbushe da Tsumburbura, ita kuwa Ummi akuya ta hango a ƙasa tana ce mata "zo." A saman nan hannunta bai bar nawa ba ko sau ɗaya.

30/ Haɗarin damina ba wasa ba ne. Kududdufi da kwatami suna cika, ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Ruwan da ke kwance yana kawo tsargiya. A Agusta, lokacin marka, tsohuwar katangar ƙasa tana iya zubowa, kar a fake a jikinta. Aka fara tsawa kuma, ba a tsayawa gindin bishiya.

31/ Sai sauro. Iyayenmu sun hana yaro zama a waje da almuru, kuma hadisi ya zo da umarnin a tsare yara idan dare ya fara shiga. A damina na riƙe wannan gam. Kafin kiran magariba muna gida, an yi wanka, an sa doguwar riga. Barci kuma cikin gidan sauro, kullum.

32/ Masu maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ke bi gida-gida a damina, don Allah a buɗe musu ƙofa. Na yara ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, ana bayarwa wata-wata, kowane zagaye kwana 3 ake sha. Kyauta ne. A cika kwana ukun, kar a tsaya a na farko.

33/ Ban ce muku duk daɗi ba ne. A Agusta zazzaɓi ya kwantar da ita. Daren da jikinta ya yi zafi rau, tana kiran "Abba" da wata 'yar murya, ba na fatan kowa ya gan shi. Aka yi gwaji, aka ba da magani, ta shanye duka. Asabar 3 ba mu leƙa ko'ina ba.

34/ Ta huɗun, ta ga hantsi ya yi ban sa kayan aiki ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takalmanta, ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na mamanta, ta ajiye a gabana. "Abba, ita." Fita take nufi. A nan na san lafiya ta samu. Alhamdulillah.

35/ Wani abu da za ka nuna wa yaro a damina: gawo. Duk bishiyoyi sun yi kore, shi ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara. Sai rani ya shigo ya yi ganye. Shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana. Akwai ɗaya a hanyarmu, duk wata sai mun gaishe shi.

36/ KAKA (Oktoba da Nuwamba)
Wannan ta ƙauye ce. Garinmu yana hanyar Katsina, sai ka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau. Muna isa Baba ya taso daga kan buzu: "A'a, amaryata ce da kanta? Sai yanzu ki ka tuna da mijinki?" Ta ɓuya a bayan mamanta. Kafin la'asar tana kan cinyarsa tana ja masa gemu.

37/ An girbe gero, an ɗaure dammuna, ana kai wa rumbu a amalanke. Mata suna sussuka, suna shiƙa. Ana roron wake, ana cirar gyaɗa. Hajiya ta ba takwararta 'yar ƙwarya da ɗan tsaba, ta zauna tana kwaikwayon shiƙa. Rabi a ƙasa, kaji suna godiya. Da dare ta sha furar geron da ta gani da rana.

38/ Kaka ma da nata. Ƙaiƙayi: kar yaro ya tsaya ta inda iska ke kai shi, in ba haka ba daren nan ba mai barci. Ƙarangiya: sai da muka zauna cire ta ɗaya-ɗaya daga safa. Takalmi rufaffe dole. Kuma ba ta zuwa kusa da tarin dami ko kara sai babba ya duba, saboda maciji.

39/ 'Ya'yan yayyena suka ƙera mata motar kara, da tayoyi da komai. Kayan wasan roba da muka ɗauko daga birni ko buɗe jakar ba a yi ba. Kwana 4 ba ta nemi waya ba. Tana bin yara, tana bin 'yan awaki, magariba na yi ta ɓingire da barci da tuwo a hannu.

40/ Ranar da za mu taho Baba ya raka mu bakin mota. Ya ce, "Ka riƙa kawo ta. Gonar nan tana da rabo a ciki. Kar wata rana bayan ba mu, ta zo garin ubanta tana tambayar hanya." Har muka wuce Dawanau ban iya cewa komai ba.

41/ Me ya canza a shekarar? Ranar fita tana cin abinci sosai, tana barci da wuri. Bakinta ya buɗe, kuma yawancin kalmominta na farko na waje ne: tuntu, luwa, muu, wata. Ba ta tsoron ƙasa, ba ta tsoron mutane. Ta kuma san akwai ranar da Abba nata ne ita kaɗai.

42/ Kafin wani ya ce "ai sai masu mota": ba ni da mota. Adaidaita muke hawa, tafiya mai nisa kuma motar haya ko aron ta yayana. Fiye da rabin fitarmu da ƙafa muka yi ta, cikin unguwa. Inda ake kiwon shanu, bakin wata gona, gindin bishiya. Abin da ya fi tsada shi ne lokacinka.

43/ Jakarmu ba ta canzawa: ruwa, famfas 3, kaya na canji, ɗan tawul, sabulu, man kaɗanya, ledar gishiri da sukari, ƙaramar tabarma, zanin goyo, abin taɓawa daga gida, da ledar zuba shararmu. A hunturu a ƙara rigar sanyi, a bazara hula, a damina lema.

44/ Tsaro: kafin mu je wurin da ba mu saba ba, sai na kira wanda ke zaune a yankin na tambaya. Inda labari bai yi daɗi ba, komai kyansa, ba ma zuwa. Wani a gida ya san inda muka nufa. Ba ma kai dare a hanya. Hotonta da sunan wurin da muke kuma ba na sa su a intanet.

45/ Abin da ke damuna shi ne wuraren suna ƙarewa. Gonar da muka kalli masara a Yuli, yanzu an zuba bulo. Mai gidanmu ya ba ni izini, na dasa darbejiya a ƙofar gida cikin damina, na kewaye ta saboda awaki. Ummi ke ba ta ruwa da kofinta. Ko mun tashi, wani yaron zai samu inuwa.

46/ Ba sai ka jira ta girma ba, ba sai ka jira albashi ba. Asabar mai zuwa ɗauki ɗanka, ko ƙaninka, ko ɗan yayarka, ku je inda akwai ƙasa da bishiya. Ka sa waya a aljihu. Idan ya tsaya, ka tsaya.

47/ 'Yan Katsina, Zariya, Sakkwato, Jos, Maraɗi, Damagaram: ina kuke kai yara a garinku, kuma a wane lokaci na shekara? Ku rubuto a ƙasa wasu su amfana. Allah Ya raya mana su bisa tafarki nagari, masu nema kuma Allah Ya ba su masu albarka. Amin 🤲